Sunayen da Ake Kira a Bikin Gari

A duk shirye-shiryen bikin ƙaramin gari, karrama mutane ne ke cin lokaci mafi ƙanƙanta, kuma shi ne ke barin tsegumi mafi tsawo. Wasanni su wuce, jawabai su wuce, a kwashe kujeru a naɗe rumfuna, amma watanni bayan nan za ka ji ana cewa, "Wai me wane ya tsinana da har aka ba shi lambar yabo?" Ko kuma wadda ta fi ciwo: "Ashe har yau idonsu bai kai kan wance ba?" Na taɓa zama a kwamitin da ke tace sunayen, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Lambar yabo ta ƙasa daban, ta ƙaramin gari daban. Ta ƙasa a jarida ake ganinta, yawancin masu karantawa ba su taɓa haɗa ido da mai ita ba. A ƙaramin gari kuwa, duk wanda ke zaune a filin alƙali ne. Ya san gidan mutumin, ya san halinsa, ya san ko yana amsa sallama. Daga tafi ma za ka gane hukuncin da jama'a suka yanke. Akwai tafin kunya, wanda ake yi sau uku a sauke hannu. Akwai kuma wanda mutane ke miƙewa tsaye ba tare da an ce su tashi ba, har mai gabatarwa ya rasa yadda zai ci gaba da magana.

Sunayen da ke fara zuwa teburin kwamiti kusan kullum iri ɗaya ne: wanda ya gina aji, wanda ya biya kuɗin gyaran hanya, wanda ya ɗauki nauyin bikin kansa. Ba na raina su, hannun da ya bayar ya cancanci godiya. Sai dai su an riga an gode musu. Sunansu na jikin bango, an faɗa a lasifika ranar da aka buɗe ginin, kuma kujerarsu na sahun gaba ko da lambar yabo ko babu. Waɗanda ke ba kwamiti wahala su ne masu aikin da ba a lura da shi sai ranar da ya tsaya. Akwai mutumin da ke kwance famfon unguwa ya gyara duk lokacin da ya lalace, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyansa. Akwai direban da kowace mai ciki ke da lambar wayarsa, don ta san ko ƙarfe biyun dare ne zai fito. Akwai malamin da ya yi ritaya amma ƙofar gidansa ba ta rabuwa da yara masu shirin jarrabawa, da matar da ke kwana a gefen gadon marar lafiyar da ba danginta ba.

Da aka kawo sunan mai gyaran famfon, wani ɗan kwamiti cewa ya yi, "To ai wannan ya saba." Jimlar ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Wato daɗewar da mutum ya yi yana hidima ita ce ke ɓoye shi. Wanda ya yi alheri sau ɗaya da ganga kowa ya gani, wanda ya shekara da shekaru yana yi shiru sai a ɗauka haka Allah ya halicci garin. Wata dattijuwa a cikinmu ce ta kawo tambayar da ta raba gardama, kuma da ita muka auna kowane suna daga baya: idan mutumin nan ya yi tafiyar wata guda, wa zai fara jin rashinsa, kuma bayan kwana nawa? Wasu manyan sunaye da aka aza su a wannan ma'auni, sai aka ji ɗakin ya yi tsit.

Yadda ake karɓar sunaye ma yana da nasa tarkon. In aka ce sai an rubuto takarda, to masu iya rubutu ne za su rubuto, kuma mutanensu za su rubuto. Mai hidimar da maƙwabtansa ba su iya tsara wasiƙa ba sai ya faɗi tun kafin a fara. Dole kwamiti ya tashi daga kujera ya shiga unguwanni, ya tambayi ma'aikatan ɗakin shan magani, ya tambayi malaman firamare, ya tambayi mata, domin su ne suka fi sanin wanda ke zuwa idan abu ya ɓaci.

Manyan ƙasashe ma sun yi fama da wannan. Birtaniya ta dawo da lambar British Empire Medal a 2012, bayan ta daina bayar da ita a cikin gida kusan shekara ashirin, musamman don masu hidima a ƙananan garuruwa da unguwanni, kuma kowa na iya gabatar da sunan wanda ya ga ya dace. Ostireliya ta ƙara rukunin gwarzon unguwa a kyautarta ta gwarzon shekara tun 2003, ƙananan hukumominta da yawa kuma suna karrama nasu mutanen ranar 26 ga Janairu. Misalin da ya fi burge ni na Indiya ne. Bayan da aka buɗe wa jama'a ƙofar gabatar da sunaye ta intanet, sai ga Harekala Hajabba, mai tallan lemu a birnin Mangaluru wanda bai yi karatun boko ba, a jerin masu lambar yabo ta ƙasa, Padma Shri, ta 2020, saboda makarantar da ya kafa wa yaran ƙauyensu da ɗan abin da yake tarawa. A jeri guda da shi akwai Tulsi Gowda, tsohuwar da ta shuka dubban itatuwa, wadda ta je karɓar tata ba takalmi a ƙafarta. In ƙasa mai mutum sama da biliyan guda ta iya lalubo waɗannan, garin da za ka ratsa da ƙafa cikin rabin awa ba shi da uzuri.

Sai gardamar kuɗi, wadda ba ta taɓa ƙarewa. Kullum akwai mai cewa, "Me talaka zai yi da katako mai rubutu? A sa masa wani abu a ambulan." Ina fahimtarsa, kuma in mutum na da buƙata a taimaka masa, amma a keɓe, ba a kan dandamali ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun wallafa wani gwaji a 2000 kan 'yan makarantar sakandare masu bi gida-gida suna tara gudummawa. Waɗanda ba a biya ko sisi ba sun tara fiye da waɗanda aka yi wa alkawarin ɗan kaso kaɗan. Da zarar an sa wa aikin sa kai farashi, sai mai yinsa ya fara lissafi, kuma lissafin ba ya taɓa fita. A ɗaya gefen, Jana Gallus ta yi gwaji a Wikipedia ta harshen Jamusanci, aka buga a 2017, inda aka riƙa ba sababbin marubuta wata alamar yabo da ba ta da ko kwabo a cikinta. Yawan waɗanda suka ci gaba da aiki a watan da ya biyo baya ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari. Ashe ɗan Adam yana son ya san an gan shi, ko da bai nemi a gan shi ba.

Na ce ko da bai nema ba, domin wasu ƙi suke yi. Ni aka aika wurin tsohon malamin nan in shaida masa. Na same shi yana duba littafin wani yaro, tabarau a ƙarshen hanci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, Allah ya yi muku albarka. Amma ku bar ni. Abin da na yi ba don a tafa mini na yi ba, kada ku rage mini lada." Na ce, "Baba, ba don kai kaɗai ba ne, don yaran nan su ga irin wanda ake girmamawa." Ya yi murmushi, ya ce yaran sun riga sun gani. Ban ƙara ba. Wasu a kwamiti sun so a kira sunansa ko ya zo ko bai zo ba, ni ban goyi baya ba. Karramawar da aka ɗora wa mutum dole ta koma cin fuska.

Ga waɗanda suka amsa kuwa, abin da ake karantawa kafin a miƙa musu lambar ya fi lambar muhimmanci. Na gaji da jin "bisa gagarumar gudummawa wajen ci-gaban al'umma". Wannan jimla ta dace da kowa, saboda haka ba ta faɗi komai a kan kowa ba. A faɗi abin da mutum ya yi. A ce wannan ita ce wadda ke wanke marar lafiya idan danginsa sun gaza. Ranar da aka karanta wa matar nan tata, ta taso a hankali, tana ta goge tafin hannunta a gefen mayafi, ta karɓi allon da hannu biyu kamar mai tsoron ya fashe. Da aka miƙa mata makirfo sai ta ce ba ita kaɗai ba ce, ta lissafo wasu mata uku da suke karɓa-karɓar kwana, ta ƙi sauka sai da suka fito. Babu wanda ya san da su a kwamiti.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna ɓata taro. Kada a tura karramawa ƙarshen shiri, lokacin da manyan baƙi sun shiga motocinsu, yara na jan kujeru. Kada a zaunar da wanda za a karrama can baya cikin rana alhali sahun gaba cike yake da wakilan waɗanda ba su zo ba. Mai ɗaukar hoto ya tuna wane ne hoton yake dominsa. Kada kuma a raba lambobi ashirin don kowace unguwa ta samu nata, domin yawan yana zubar da darajar abin. Uku ko huɗu sun isa, baɗi ma shekara ce.

Inda har yanzu ba mu daidaita ba shi ne batun mamata. Wasu na son a riƙa keɓe lamba ɗaya ga wanda ya rasu, a miƙa wa iyalinsa. Ba na adawa da hakan, amma na lura sunan mamaci ya fi sauƙin wucewa a kwamiti, don babu mai kishi da shi. Shawarar da na bayar ita ce a duba shekarun waɗanda ke cikin jerin jira, a fara da tsofaffi. Mai gyaran famfon nan hannunsa ya fara rawa, yanzu wani yaro ne ke riƙe masa sifana, kuma sunansa na nan a jerin baɗi.