Kano zuwa Damagaram da sigina ɓari guda

Shekaranjiya na dawo daga Damagaram, ƙuguna har yanzu bai saki ba. Sunan ɗan ƙanwata ne ya kai ni. Mutanen gida sun so in bi motar haya, na ce babur ɗin da Baba ya bar mini zai kai ni. Tsoho ne ɗan Japan, ya girmi babban ɗana, amma injinsa bai taɓa ba ni kunya ba.

Na bar Kano bayan sallar asuba. Dab da Kazaure na sa sigina zan wuce wata motar itace, sai na ga ƙwan gaba na hagu ya kama ya tsaya cak, ba ya ƙiftawa. Na gwada dama, lafiya lau. Na sauka na leƙa na baya na hagu, a mace. Na buge shi da tafin hannu ya ɗan haska, ya sake mutuwa. Wanda bai taɓa shiga tsakanin tirela da tankar mai a kan babur ba zai raina wannan ɗan ƙwai, alhali shi ne bakinka a kan titi. Dole na koma miƙa hannu, kuma hannun hagu shi ne na kuloci, ga kaya a baya.

A Daura na tsaya wurin wani yaro mai rewaya. Ko durƙusawa bai yi ba ya ce, "Alhaji, fulasha ce ta mutu," wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa. Ya aika aka sayo sabuwa, naira 2,500, kuɗin aiki 1,000. Aka ɗaura, ƙwan ya kama ya tsaya yadda yake. Ya ce wai sai ta yi zafi za ta fara, in kuma ba ta fara ba batir ne, yana da sabo. Wannan hali ya yi mana katutu, a Kano ma haka ne: ba a neman ciwo, sai dai a yi ta canza kaya har aljihun mai abu ya ƙare ko a dace. Na karɓi tsohuwar fulashata na jefa a aljihu, na kama hanyar Kwangwalam.

Tun da aka sake buɗe iyaka a 2024 ban tsallaka ba. Takarduna cikakku ne, ba a ɓata mini lokaci a nan ba. A wani shinge can gaba ne wani mai kaki ya tsayar da ni. Na yi masa sallama, bai amsa ba. Ya zagaya babur ɗin yana taɓa taya da ƙafa, ya ce in kunna fitila, in danna oda, in sa sigina. Da ya ga ta hagu sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci kuɗi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a hanya ta lalace, ga ma wadda na canza a Daura." Ya ce shi bai tambaye ni tarihi ba. Kusan awa guda ina tsaye a rana, shi yana zaune a inuwa da makullina a hannu. Laifin sigina nawa ne, ban musa ba, kuma na biya abin da ya yanka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sallamar da ya ƙi amsawa, ga furfura a gemuna, shi kuwa bai fi sa'ar ƙanena ba.

A Matamaye wani ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya nuna mini rumfar wani dattijo a bayan kasuwa. Ba allo, ba komai, sai tabarma da akwatin ƙarfe da yara biyu masu koyo. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce in sha ruwa tukuna. Sai da na sha ya ce, "To ɗana, sa dama." Ta ƙifta. "Sa hagu." Ta tsaya. Ya juya wurin yaransa, ba wurina ba, ya ce fulasha ɗaya ce take yi wa dama da hagu aiki, in dama na ƙiftawa to ita ba ta da laifi, fis ma haka, batir ma haka. Ciwon da ya kama ɓari guda, a ɓarin ake nemansa: ƙwai, ko makunni, ko waya.

Ya cire ƙwan baya na hagu ya sa a dama, ya kama. Ƙwai lafiya ke nan. Ya ɗauko wani ƙwan gwaji da ya haɗa da kansa, waya biyu a jiki, ya ɗora ɗaya a kan inji, ɗaya a cikin mazaunin ƙwan. Ya haska, wato wuta tana isowa. Sai ya mayar da ƙwan, ya ɗauki guntun waya ya taɓa jikin mazaunin da jikin inji. Nan take gaba da baya suka shiga ƙiftawa tare. Wallahi sai da na yi kabbara.

Ashe wutar tana zuwa, hanyar komawa ce ta toshe. A irin waɗannan tsofaffin babura ta jikin ƙarfen babur wuta take komawa batir, ta kan notin da ya riƙe sandar sigina. Ya kwance notin ya nuna mini: tsatsa ja wur, damina bayan damina, ga igiyar kaya da nake ɗaurawa a wurin ta sassauta shi. Ya kuma fasa mini abin da ya ɗaure mini kai tun Kazaure, dalilin tsayawar na gaba. Tsohuwar fulasha wani siririn ƙarfe ne a cikinta, wuta ta ɗumama shi ya lanƙwashe ya yanke, ya huce ya koma ya haɗa. Sai ƙwai biyu masu wat 10 sun ja wuta tare yake yin zafin da zai lanƙwashe. Ƙwai ɗaya ba ya isa. Ya ce shi ya sa samarin da ke sa ƙananan fitilun zamani marasa cin wuta suke dawowa suna cewa sigina ta ƙi.

Ya goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya shafa ɗan giris, ya ɗaure. Ya mayar mini da tsohuwar fulashata, ya ce ta fi sabuwar nauyi da aminci, in ajiye sabuwar saboda wata rana. Ya leƙa batir ya ga ruwan ya yi ƙasa, ya ƙara, ya ce in na ga sigina tana nawa a tsaye amma tana sauri in na ja mai, to batir ne ke kuka.

Na tambayi kuɗi, ya ce dala ɗari. Sai da yaron ya fassara mini: sefa 500. Na miƙa jika guda, wato sefa 1,000, ya ƙi, ya ce baƙo ne ni. Ya kuma hana ni tashi sai da aka dama fura, aka yi azahar tare. Da yadda naira ta faɗi a gaban sefa komai na Nijar tsada yake yi mana yanzu, ruwan leda ma sai ka yi lissafi, amma aikin wannan dattijo ko rabin abin da na zubar a Daura bai kai ba.

Daga nan hanya ta miƙe. Na hau babban titi a Takeita, na shiga Damagaram da la'asar sakaliya, manyan duwatsun nan sun yi ja da rana. An yi suna lafiya, yaro ya ci sunan Baba. Washegari surukina ya zaga da ni Birni muka ga fadar Sarki, na sayi alkaki da takalman fata na yara. Ruwa dai har yanzu wuya yake yi a unguwarsu, da jarka ake saye.

A dawowa na biya Matamaye da goro da sukari, ban same shi ba, ya tafi jana'iza ƙauye. Na bar wa yaran. Ƙaramin ya ce in sa hagu ya gani, na sa.