Laraba, ni da intagirin

Yau ma intagirin ne ya cinye min yini, furotin ɗin nan da ke fatar ƙwayar halitta yana manna ta da abin da ke kewaye da ita. Nawa shi ne na jikin filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. In yana hutawa a lanƙwashe yake, kai a sunkuye. Da wani furotin mai suna talin ya kama wutsiyarsa ta cikin ƙwaya sai ya miƙe, ya buɗe, ya cafki fibirinojin, furotin ɗin jini da ke haɗa filatilet da juna, jini ya fara dunƙulewa. A bakin rauni rahama ce, amma a jijiyar zuciya yana iya zama ajali.

Cikin abin da yake ganewa akwai jerin amino asid (tubalan ginin furotin) 3 kacal, RGD, waɗanda masana Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984. Shi ya sa dabarar farko ta zo da sauƙi: a ƙera guntun feftayid, wato gajeren jerin amino asid, mai kama da su, ya toshe gurbin da fibirinojin ke shiga. Haka maganin eptifibatide yake, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, kuma daga dafin maciji aka kwaikwayo shi. Tirofiban ma asalinsa dafin wata 'yar'uwar kububuwa ce, irin wadda ke kai manomanmu asibiti jini na ta zuba.

Abin da ke damuna shi ne, mai toshe gurbin sau da yawa shi da kansa ke buɗe furotin ɗin, kamar mai gadin da ya jingina da ƙofa har ta wangale. Ire-iren waɗannan magunguna na haɗiya da aka gwada wajen shekarar 2000 sai da aka watsar, don mace-mace ƙaruwa suka yi. Rayukan mutane ne fa.

A 2022 ɗakin binciken Timothy Springer ya nuna cewa wani ɗigon ruwa guda, kusa da maganiziyam ɗin da ke cikin gurbin, shi ke riƙe furotin a rufe. Bayan azahar na juya amino asid ɗaya a zoben feftayid ɗin da nake ƙerawa a kwamfuta don ya dafe wannan ruwa maimakon ya kore shi. Na zuba wa allo ido har la'asar, kan bai buɗe ba.

Na kira Malam ya gani. Ya daɗe yana juya hoton, sannan ya ce, "Madalla, amma kwamfuta ba jini ba ce, 'yata. A haɗa shi a gwada." Gaskiyarsa. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta takardar neman kayan haɗi.