Sabon direba a jerin gwanon motoci

Ana yawan tambaya ko wanda ya karɓi lasisi kwanan nan zai iya jan mota a rakiyar amarya ko jerin gwanon Maulidi. Idan lasisinsa na FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, cikakke ne, zai iya. Mai takardar koyo da alamar L kuwa, sai da direba mai lasisi a gefensa, kuma gaskiya bai dace ya shiga ba.

Wahalar tana cikin tafiyar hawainiya. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo a Zariya, misali, da 'yan acaɓa da yara a kowane gefe, sabon hannu kan ɗora ƙafa kan kuloci har ya fara ƙauri, inji ya yi zafi idan fanka ba ta aiki. A duba ruwan lagireto da birki tun a gida. A sa shi tsakiyar layi, ya bar tazarar mota biyu. Kusa da dawaki kada ya danna hon.

Sai inshora. Ta ɓangare na uku, wadda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta mayar N15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har N3 miliyan, amma ba ta gyara taka motar. Idan kuɗi aka ba ka ka sa motar gida cikin jerin, ta zama haya, kamfani na iya ƙin biya. Haka ma tsere, ko samari zaune kan taga. Motar aro ce? Karanta takardar inshorar ka ga wa ta yarje wa tuƙi, sannan ka duba lambar motar a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, don takardun jabu sun yi yawa.