Batirin da ya ƙi riƙe caji da maganar garanti

Batirin mota nake sayarwa, ni da yarana biyu a shago. Sayarwar ba ta da wuya. Ranar da aiki yake aiki ita ce ranar da mutum ya dawo ransa a ɓace, ya dire batir a gabana ya ce, "Malam, kayanka ba ya riƙe caji, ga rasit ɗina."

Ba na musu da shi, amma kuma ba na miƙa masa sabo nan take. Nakan roƙe shi ya bar mini batirin ya kwana. Sai mu cika shi da caji, mu bar shi ya huce, sannan mu sa mita. Lafiyayye yakan nuna wajen volt 12.6. In na ga ya tsaya a 10.5, to ɗaya daga cikin ɗakuna shida da ke riƙe wuta a cikinsa ya mutu, kuma a sabon batir wannan yawanci daga masana'anta ne. Nan babu ja-in-ja, canza masa nake yi. Wanda ya wuce wannan matakin sai mu ɗora masa nauyi, wato mu sa na'ura ta ja wuta mai yawa daga jikinsa, na daƙiƙa 15. Kada ya sauka ƙasa da 9.6.

Abin da ke damuna shi ne da yawansu lafiya lau suke fitowa, ciwon yana jikin motar. Altaneta, wato na'urar da ke caja batir a mota, in mai kyau ce tana ba da tsakanin 13.8 da 14.5 in inji na aiki, bel ɗinta kuwa in ya saki, caji ya ragu. Wani lokaci rediyon da aka haɗa ba daidai ba ne, ko fitilar but da ba ta mutuwa, ke zuƙe wuta cikin dare. Motar da aka ajiye wata da watanni ma haka: batir in ya daɗe babu caji, wani gishiri yakan daskare a farantan dalmarsa, kuma da wuya ya koma yadda yake.

Garanti aibin ƙira kawai yake ɗauka. Batirin da ya fashe, ko ya kumbura saboda cajin da ya wuce kima, kamfani ba zai karɓa ba. Wasu kamfanonin sukan canza kyauta a watannin farko, bayan nan sai rangwame gwargwadon lokacin da ya rage.

Faɗa wa mutum haka akwai nauyi, don kuɗinsa ya sa. Amma in na ba shi sabo motar na nan da ciwonta, mako kaɗan zai sake dawowa. Shi ya sa yanzu tun ranar saye nake gwada altanetar kafin mu ɗaura batir, in rubuta abin da mita ta nuna a bayan rasit ɗinsa.