Na dawo da ƙafafuna, ga godiyata

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, Alhamdulillah, Alhamdulillah. Tun shekaranjiya da daddare na iso amma sai yau na iya riƙe waya, har yanzu in na ja magana da tsawo numfashi na min gardama. Ba sai na maimaita labarin rashin lafiyar da ta kama ni a cikin jirgin sama har aka kwantar da ni a asibiti ba, kun bi shi tun ranar da ƙanina ya sanar, wasunku ma sun fi ni sanin abin da ya faru a kwana ukun farko don ni lokacin ban san inda kaina yake ba. Saƙonni sun fi ƙarfina wallahi, wanda ban amsa nasa ba dan Allah ya yi haƙuri, na gani kuma ya shiga raina.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba, shi nake so in sauke yau.

Kun san ni da son kallon jirgin sama. Abin da ya kai ni Singafo ke nan, na yi wuni biyu a bakin ruwan Changi kusa da filin jirgin saman, jirage na wucewa ta saman kaina za su sauka, ina ɗaukar hoto ina rubuta lambar kowanne, na ga katon jirgin nan mai hawa biyu A380 a garin da ya fara ɗaukar fasinja a 2007, na tsaya gaban ruwan nan mai zubowa daga tsayin mita 40 a cikin Jewel, ginin shaguna da lambu na filin jirgin, har na manta da lokaci. Duk kwanakin nan sharaɓata ta hagu na ciwo ta ɗan kumbura, na ɗauka yawo ne. Ashe gudan jini ne ya taru a jijiya, saboda na jera dogayen tafiye-tafiye uku a mako guda kuma kullum kujerar taga nake zaɓa, ba na tashi don kar in takura wa na kusa da ni, ruwa ma ba na sha sosai.

Da muka taso daga Singafo, mun yi kamar awa uku a sama ƙirjina ya riƙe. Cikin jirgi iskar da ake shaƙa kamar ta kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000 take, mai lafiya ba ya ma lura, amma ni da gudan jinin ya riga ya hau huhu sai na ji kamar an ɗora min buhu. Aka yi shela ko da likita, wata baiwar Allah ta taso, aka sa min oksijin, babbar ma'aikaciyar jirgin tana ta kai da komo tsakaninmu da ɗakin matuƙa. Duk wannan ban tsorata ba tukuna. Sai na juya kaina wajen taga na ga wani farin layi yana fita daga bayan fuffuke kamar hayaƙi.

Na san abin. Irin jirgin da muke ciki, Boeing 777-300ER, yana iya tashi da nauyin tan 351 amma ƙa'idar saukarsa ba ta wuce tan 251 ba, mu kuma an loda mana man tafiyar awa 13 zuwa Turai, to in dole ta sa a sauka da wuri sai a zubar da man a sama ya bi iska. Shekara nawa ina kallon bidiyon wannan abu ina fatan in gani da idona, ranar da na gani saboda ni ake yin sa. Kaftin ba ya zubar da mai haka kawai, sai in likitar nan da likitocin da suke magana da su a ƙasa sun ce masa mutumin nan ba zai kai ba. Na ji ƙarar injin ta sauko, na kalli sikirin na ga ɗan hoton jirgin ya karkata, sunan garin da za mu ya koma Chennai ta ƙasar Indiya. Nan jikina ya mutu. Na yi kalmar shahada, na tuna yarana, na tuna ban ma gaya wa Mama takamaiman ranar da zan dawo ba.

Wani dattijo ne a kujerar kusa da ni, tun da muka tashi ba mu yi magana ba sai murmushi, ba ya jin Turanci ni ba na jin yarensa. Da ya ga ina karkarwa ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa min, ya kama hannuna da hannu biyu, bai saki ba har tayoyi suka taɓa ƙasa, wajen minti arba'in fa, yana ta motsa baki yana addu'a irin tasa. Ni kuma ga kunya ta dame ni, mutum sama da ɗari uku na ɓata wa tafiya, wasu za su rasa jirgin da za su canja, sai haƙuri nake ba ma'aikaciyar, ta durƙusa gabana da tulun oksijin a hannu ta ce in yi shiru in yi numfashi kawai. Da ma'aikatan asibiti suka shigo ba wanda ya miƙe ya jawo jaka, kowa na zaune, tsit. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi ya san yadda ake rububin tashi tun kafin a kashe fitilar bel, to ran nan ko mutum ɗaya.

Ya Allah, kaftin ɗin nan da abokin tuƙinsa, likitar da ta ƙi ko faɗin sunanta, ma'aikatan jirgin kaf, masu kula da zirga-zirgar sama da suka buɗe mana hanya muka sauka kai tsaye, direban motar asibitin da ke jira a gindin jirgi, nas-nas ɗin da suka yi ta juya ni dare da rana, Allah ka saka musu da mafificin alheri, ka tsare su a sama da ƙasa, ka jiɓinci lamarin iyalansu, yadda suka tsaya min ka tsaya musu ranar da ba su da kowa. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Na san za ta yi faɗa amma sai na faɗa. Yayata babba, ke kika sayar da abin da kika daɗe kina adanawa don ƙaninmu ya samu biza da tikiti ya taho, kika ce kar a gaya min, to an gaya min Yaya, Allah ya biya ki da Aljanna. Autanmu da ya kwana 12 a kan kujerar asibiti, shi ya yi ta zarya da takardar shaidar lafiya da kamfanin jirgi ke nema kafin su yarda su ɗauki mara lafiya, har likita ya sa hannu. Maman yara, ke ba ni da bakin gode miki a nan. Abokaina masu son jirgi, ɗayanku ne ya ga jirginmu ya juya a Flightradar24, manhajar bibiyar jirage, tun kafin kowa ya sani, ya haɗa lissafi ya kira gida, Allah ya bar zumunci.

Akwai waɗanda na yi ta duba waya ina jiran ko layi ɗaya daga gare su, jinina ne, har yau shiru, sai dai na ji an ce wai dama wa ya aike shi kallon jirgi. Ya min ciwo gaskiya. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Zan sha maganin tsinka jini na wasu watanni, a dawowa ma da safar matse ƙafa na taho a kujerar bakin hanya, ina tashi ina zagayawa kamar yadda likita ya ce. Hotunan Changi suna nan, zan sa in na ƙara jin ƙarfi.

Rigar dattijon nan da ita aka fitar da ni a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ƙanina ya tarar da ita cikin kayana a asibiti. Ruwan toka ce, gwiwar hannunta ɗaya an yi mata faci. Ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, lambar kujerarsa kawai na riƙe, na rubuta wa kamfanin jirgin ko za su isar masa da saƙona, ina jiran amsa. Ku sa min shi a addu'a dan Allah.