Godiya ga duk wanda ya sa hannu har dusar ƙanƙara ta sauka

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, wasan kwaikwayon ƙungiyarmu an yi an gama, an kwance kaya, kowa ya koma gida da ƙafafunsa. Sai yau na iya riƙe waya in yi rubutu, domin tun daren Asabar barci nake ta ramawa.

Ba zan sake ba da labarin gobarar daren Laraba ba. Kun gani, kun kira, wasunku har asibiti suka taka. Labulen bayan dandamali ya tafi, buhunan takardar da muka yanka don ta zama dusar ƙanƙara a wasan sun tafi, ƙanenmu mai kula da fitilu ya ƙone a hannu. Yana samun sauƙi, likita ta ce yatsun za su koma aiki da yardar Allah. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba mahaifiyarsa ladan haƙurin da ta yi da mu, don ko kallon banza ba ta yi mana ba.

Da gari ya waye, yawancin 'yan ƙungiya sun ce a cire fitowar dusar gaba ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba. Sai dai wasan duka a kanta ya jingina: ɗalibi daga Kaduna yana tsaye a tashar bas a Mosko a 1980, wasiƙar rasuwar mahaifiyarsa a hannu, ba wanda zai yi wa magana da Hausa, sai sama ta fara zubo masa da fari. In aka cire wannan, mutum ne kawai cikin kwat yana kallon bango. Wani ya kawo shawarar hayar injin da ke fesa kumfa, amma ƙararsa ta fi muryar ɗan wasa, ga shi yana sa daɓe santsi, ga tsada. Wani ya ce a marmashe farin soson nan da ake cusa wa kwalin talabijin. Shi kuma da hunturu mannewa yake a jiki da tufa, in ya kama wuta hayaƙinsa baƙi ne mai shaƙewa. Dole dai takarda.

Muna cikin wannan zullumi Baba Injiniya ya shigo, da sandarsa, da almakashi a aljihun babbar riga. Na san ba ya son a ambace shi, ya yafe mini. Yana cikin waɗanda aka tura Tarayyar Sobiyat koyon aikin ƙarfe lokacin da ake gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, bayan yarjejeniyar 1979, kuma a duk zauren shi kaɗai ne dusar gaske ta taɓa sauka a kafaɗarsa. Muka zubo masa ragowar takardar da ta tsira don ya gani. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kira ni.

"Ɗana, wannan ruwan sama kake yi. Ita ba ta sauri. Ka san yadda audugar rimi ke yawo kafin ta taɓa ƙasa? To haka."

Ya ce a yanka ƙanana, kada su wuce santimita 1, kuma kada su zo daidai wa daida, domin wadda gefenta ya karkace ita ke jujjuyawa a iska. Ya ce a fara da ƙwaya-ƙwaya, har mai kallo ya yi shakkar ko ya ga wani abu, sannan a ƙara. Ya kuma sa muka kashe ƙarar guguwar da muka ɗauka a kwamfuta, wai in dusa na sauka gari shiru yake yi, har ƙarar mota takan dushe. Daga nan ya zauna a tabarma cikin yara ya fara yanka. Yatsunsa sun kumbura da sanyin ƙashi, na roƙe shi ya bari, ya ce, "Bar ni, ni ma a can aka aiko mini da rasuwar tawa uwar." Ba wanda ya san haka a cikinmu. Bai tashi ba sai da aka kira la'asar, washegari kuma ya aiko jikansa da tsohuwar kwat ɗinsa da hular gashi mai rufe kunne, su ne kuka gani a jikin ɗan wasanmu. Baba, Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Malamarmu ta kimiyyar sinadarai ita ta cire mana tsoro. Ta jiƙa borakis da sinadarin borik a ruwan ɗumi, aka fesa wa takardun tun suna faifai, aka shanya, iskar hunturu ta busar nan da nan, sannan aka yanka. A gaban masu zauren ta ƙyasta ashana ta kanga: takardar ta yi baƙi ta nannaɗe, harshen wuta bai tashi ba. Da wannan suka amince. Tana aikin tana ba mu labarin yadda masu fim na Amurka a shekarun 1930 suka riƙa zuba asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, a matsayin dusa saboda ba ya cin wuta, daga baya aka tabbatar yana jawo cutar daji a huhu. Malama, Allah Ya ƙara ilimi mai amfani.

Kawu Tela ya kwana a kan keke yana ɗinka mana sabon zanin zuba dusa. Dogon alawayyo ne, an tsattsaga gefe ɗaya, an ɗaure shi tsakanin gora biyu a sama. Takardar na kwance a ɓangaren da ba tsaga, in aka ja igiya gora ɗaya ta ɗaga, sai ta gangaro ta riƙa ɗiga ta ramukan. Da na kawo kuɗi ya ture, ya ce shi dai ya gode Allah da ya yanka alawayyo ba don likkafani ba. Yaya mai walda ya matsar da fitilun nesa da zanin. Masu adon biki na layinmu suka ara mana fitilun LED, waɗanda ba sa zafi irin na halojin, aka kafa su daga gefe da baya, don in haske ya zo daga gaba dusar ɓacewa take a ido. Mai maɗaba'a ya ba mu rarar takarda kyauta. 'Yan matan ƙungiya suka share daɓe bayan kowane wasa, suka tankaɗe takardar da rariya don kada ƙusa ko tsakuwa ta koma sama ta faɗo a kan wani. Baba mai gadi ya tsaya bayan labule da bokitin yashi daga farko har ƙarshe, bai ga wasan ba ko sau ɗaya.

Ku kuma 'yan kallo, mun kashe muku fanka a zauren da ya cika maƙil, don iskarta kan kwashe dusar ta kai wa layin gaba. Kuka yi ta fifita da takardar shiri, ba wanda ya yi ƙorafi.

Akwai kujerun da na sa aka keɓe wa 'yan uwa a layi na biyu. Na gode wa Gwaggo da ta zo tun daga Zariya da ciwon ƙafarta. Sauran, waɗanda tsakaninmu da su kuɗin Keke Napep ne, na san hidima ta yi yawa, kuma har yanzu wasan kwaikwayo bai zama sana'a a wurinsu ba. Ba komai. Da wasa ya fara muka ba ɗalibai kujerun.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, wanda na ambata da wanda gajiya ta mantar da ni. Allah Ya tsare ku da iyalanku daga wuta ta duniya da ta lahira, Ya rufa muku asiri yadda kuka rufa mana, Ya kai ladan kabarin iyayenku, Ya sa ranar taku hidimar mu zo da ƙafafunmu. Amin summa amin.

Gudummawar maganin ƙanenmu tana hannun ma'ajin ƙungiya, ana ci gaba da karɓa har a kwance masa bandeji. Wanda kuma ya ara mana dogon tsani mai jan fenti, don Allah ya yi mini magana, yana gidanmu.