Yadda nake bi da haƙoran yaran gidana

A gidanmu yanzu ba yaron da zai hau katifa bai buɗe min baki ba, ko da daga biki muka dawo ƙarfe goma kowa ya gaji liƙis. Yarana uku ne sai 'yar yayata da nake riƙo, babbarsu shekararta tara, autan kuwa ko yaye shi ba a yi ba.

Ita 'yar riƙon ce silar komai. Lokacin da aka kawo min ita tana shekara biyar, haƙoranta na gaba na sama duk sun yi baƙi sun gutsittsire sai guntaye, duk wanda ya gani sai yace ai ba komai, tana yin famfara wasu za su fito. Amma yarinya bata iya cin nama, bata tauna da ɓarin dama, ruwan sanyi na taɓa wajen sai kuka, har ranar da ta tashi kumatu a kumbure ga zazzaɓi, shine babansu yace mu tafi wajen likitan haƙori. Likitan yana leƙa bakin, tambayar da ya fara yi min ita ce, tana kwana da fida a baki lokacin tana ƙarama? Na kira yayata a waya anan take, tace eh wallahi, shayi mai sukari take zuba mata dan ta samu tayi barci, har ta kusa shekara uku. Ba sakaci bane irin na rashin so, kowa a unguwarsu haka yake yi kuma ba wanda ya taɓa ce mata akwai illa.

Bayanin da yayi min ranar shi nake aiki dashi har yau. Ba wata tsutsa a cikin haƙori, duk da abin da masu yawo suna ciro ta da hayaƙi suke nunawa mutane. Wannan farin dattin mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙora, wanda zaka iya kankarowa da farce, cike yake da ƙwayoyin cuta da ido baya gani, abincinsu sukari, in sun ci sai su fitar da wani tsami da ke narkar da saman haƙorin a hankali har ya zama kogo. Yawu shine yake wanke tsamin ya gyara ɗan abin da ya zaizaye, amma yana buƙatar lokaci, kuma in mutum yayi barci yawun raguwa yake sosai. Toh yaron da ya kwanta da zaƙi a baki, dare guda cur haƙoransa na jiƙe cikin tsami ba mai wankewa. Shi yasa wankin dare ya fi na safe muhimmanci nesa ba kusa ba, mu kuma yawancinmu na safen kawai muka sani dan kar a fita da warin baki.

Maganar za a yi famfara ɗin nan kam ina so iyaye su sake duba ta. Haƙoran yarinta guda 20 ne, na gaba suna fara zuba wajen shekara 6, amma matauna na can ciki suna zama a baki har yaro ya kai 10 zuwa 12. Kenan wanda ya ruɓe tun yaro na shekara huɗu, shekaru nawa zai yi yana masa ciwo? In kuma an cire shi da wuri na kusa sukan matso su cinye gurbin, babban ya zo fitowa ya rasa waje ya karkace. Sai wani abu da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai wajen likitan nan, wajen shekara shida akwai matauna guda huɗu da suke fitowa can ƙarshe a bayan na yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, kuma su na dindindin ne, ba su da canji. Uwa tana ganin rami a jiki sai ta ɗauka na famfara ne ta ƙyale, alhali haƙorin da yaro zai tsufa dashi ne yake lalacewa. Daga jin wannan na dawo gida na sa kowa ya hangame na haska da tocilan waya.

Abin da ya fi yi min aiki ba wani abu ne mai wahala ba, ni nake wanke musu da hannuna. Yaro ɗan shekara huɗu in ka miƙa masa buroshi tsotse makilin ɗin zai yi, ya goga na gaba sau biyu yace ya gama, hannunsa bai kai ya juya buroshi can ciki ba sai ya kai shekara bakwai ko takwas. Sai in zauna akan tabarma a tsakar gida in ɗora kan yaro a cinyata kamar zan mishi kitso, daga nan ina ganin har ƙarshen baki, in ɗaga leɓe da yatsa in bi gindin haƙora inda suka haɗu da dasashi, waje da ciki da saman da ake taunawa, a hankali ba dirza ba, kamar minti biyu. Buroshin ƙarami mai laushi, kowa da kalarsa, ba aro ba haɗawa, in gashin ya baje ko ya kai wata uku a canza.

Makilin kuma ba a cika shi kamar yadda ake nunawa a talla. Wanda bai kai shekara uku ba ɗan shafawa nake kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake ƙarama. In zaki saya ki juya kwalin ki duba ko an rubuta fluoride da lamba a gefe, 1000 ppm zuwa 1450, dan shi wannan sinadarin ne yake ƙarfafa haƙori, wasu masu hoton katun da ƙamshin alawa ba shi a ciki ko kuma ɗan kaɗan ne. Amma shi ma yawansa in ana haɗiyewa yana ɓata haƙoran da ke cikin dasashi basu fito ba, su fito da dabbare-dabbare, mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun san wannan da kyau, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin ya taɓa haƙora har da ƙasusuwan yara masu yawa a garin. Dan haka kaɗan ake sawa kuma a koya wa yaro tofarwa. Bayan an tofar kuma ba a kurkure baki da ruwa, a bar ɗan ragowar ya kwana a jikin haƙoran yayi aiki. Wannan ne ya fi yi wa yaran wuyar sabawa dan kowa ya saba da kurkura, sai na daina fito da buta wajen kwata-kwata.

Na tsakiyar nan ɗan shekara huɗu shine mai taurin kai, ya datse baki gam yana harbe-harbe. Ban taɓa ce mishi zan kai ka a yi maka allura ko a cire maka haƙori ba, kuma na hana kowa faɗa, saboda ranar da zai buƙaci likitan da gaske ta yaya zan shigar dashi? Abin da nayi, na bar shi ya fara da kansa, yayi ta shirmensa, sannan ince kawo Umma ta duba ko akwai saura. Wani lokacin in ba shi nawa buroshin ya goge min, ni kuma in goge mishi. Sai na liƙa abin da sallar isha, ana idarwa an gama cin tuwo sai layi, bayan nan ba abin da zai sake shiga baki sai ruwa. Da ya zama kullum lokaci ɗaya waje ɗaya, kuma yana ganin yayyensa suna yi, rigimar da kanta ta mutu, duk da har yanzu ranar da barci ya riga mu sai an sha daru.

Babansu ya taimaka ta hanyar da ni bazan iya ba. Shi mutum ne mai asuwaki a aljihu kullum, sai ya yanko musu ƙanana kowa da nasa, ya zaunar dasu ya gaya musu hadisin da Annabi (SAW) yace ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace sallah. Tun daga nan na tsakiyar ya ɗauki abin na manya, in za su masallaci sai ya nemi nasa. Ni a ganina ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba, asuwaki da rana lokacin alwala, buroshi da makilin safe da dare, saboda hannun yaro baya iya kai asuwaki bayan matauna yadda ya kamata. Gawayi da toka da gishiri kuwa na hana, suna sa haske na ɗan lokaci amma kankare saman haƙori suke, shi kuma in ya tafi baya dawowa.

Inda aikin yake da gaske wajen kayan zaƙi ne, dan ba ni kaɗai ke ba yara abu ba. Hajiya kakarsu tana gidan, kuma duk wanda ya shiga ɗakinta sai ya fito da wani abu a hannu, minti ko tuwon madara ko gullisuwa ko iloka, a wajenta soyayya ce kuma gaskiya soyayyar ce. Ban iya zuwa ince ta daina ba, ba tarbiyya bace kuma ba zai yiwu ba. Sai na samu ranar da take cikin nishaɗi na zauna nace, Hajiya likita fa yace ba yawan alawar ne ya fi ɓarna ba, yawan lokutan da ake sha ne, duk sanda zaƙi ya shiga baki tsamin nan sai ya tashi yayi kusan rabin awa kafin yawu ya kwantar dashi, wanda ya sha minti biyar lokaci ɗaya ya fi wanda yake tsotsar ɗaya-ɗaya tun safe har magariba samun sauƙi. Nace dan Allah a tara musu, in sun ci abincin rana su zo wajenki ki raba musu da hannunki. Tayi shiru, sannan tace toh ai wannan mai sauƙi ne, Allah ya raya mana su. Yanzu ita ce ma take korarsu in sun zo mata da hantsi, tace sai an ci abinci, kuma tana sa su kora da ruwa.

Kuɗin tara na makaranta shi ma na rage, dan duk a bakin get yake ƙarewa wajen mai alawa da cingam. Ina sa musu dafaffen ƙwai ko gyaɗa ko awara, da gorar ruwa. Lemon kwali da na kwalba sai ranar fita ko in anyi baƙi. Zobo ma da nake haɗawa na rage sukarin, ga zaƙi ga tsami a haɗe, in sun sha a wajen cin abinci ne ba a yi ta kurɓa duk yini ba. Har maganin tari da na zazzaɓi na ruwa, zaƙi gare su, in na bayar da dare nakan bi da ruwa.

Shi autan tun kafin haƙori ya fito nake goge mishi dasashi da tsumma mai tsafta, haƙorin farko na ɓullowa wajen wata shida na fara sa buroshi. Lokacin ne aka yi ta kawo min shawarar maganin haƙori, na ƙulli da na kwalba, ban karɓi ko ɗaya ba. Ban manta da My Pikin ba, maganin fitar haƙorin da ya kashe yara sama da 80 a Najeriya daga ƙarshen 2008 saboda gubar da ke ciki, har NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta rufe kamfanin. Fitar haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ƙiwa, amma gudawa mai yawa da zazzaɓi mai zafi ba haƙori bane, ciwo ne da ke son asibiti, yara da yawa sun galabaita a gida ana cewa haƙori ne.

Amfanin leƙa bakin yaro kullum shine kana ganin abu tun yana ƙarami. Ruɓewa bata farawa da baƙi, da wani farin layi take farawa kamar alli a gindin haƙoran gaba, a wannan matakin ana iya tsayar da ita ba sai an kai ga ciko ba. Dasashi mai jini in ana gogewa yawanci datti ne ya kumbura shi, ba dainawa ake ba, ci gaba ake a hankali sai ya lafa. Amma in yaro ramamme ne ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ga gyambo a dasashi ga wari mai ƙarfi ga kumatu ya fara kumbura, wannan kar a kwana, saboda ta haka ne cutar da ake kira noma take farawa, mai cinye fuskar yara cikin 'yan kwanaki, wadda akwai asibitinta na musamman a Sokoto kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disambar 2023 bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. In an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Babbar yanzu ita take wanke nata, ni dai nakan duba bayan ta gama. 'Yar riƙon kuma mataunan nan na dindindin sun fito mata lafiya lau, sai dai samansu akwai kwarmi mai zurfi da abinci ke maƙalewa, likitan yace akwai wani abu da ake shafawa ya toshe kwarmin ba allura ba huji, mun bari sai an yi hutun makaranta mu je da ita, in haɗa da na tsakiyar ya zauna a kujerar a ƙirga mishi haƙora tun ba abin da ke masa ciwo.